Ƙasar da Na Soya a Issawan

Tun da muka dawo daga Issawan ban huta da tambaya ba. A bakin rijiya a tambaye ni, wurin suna a tambaye ni, har matar da ke sayar da daddawa a kasuwar Urafan sai da ta riƙe mini kwano ta ce ba za ta saki ba sai na ba ta labari. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa gishiri. Wata ma cewa ta yi wai wurin boka muka je. Shi ya sa na ce bari in zauna da ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci, in rubuta shi sau ɗaya daga farko har ƙarshe, har da wurin da ban so a ji ba.

Sunana Barira. Ni ke renon itatuwa na ƙungiyar matan ƙauyenmu Urafan, abin da muke kira pepinyar. Shekarun baya Maigari ya ba mu aron wani fako yamma da gari, ƙasa mai taurin da ko akuya ba ta tsayawa a kanta. Muka haƙa ramukan rabin wata da hannunmu don su tare ruwa, muka dasa magarya da ɗakwara da gawo. Damina biyu muna dasawa, bazara biyu suna mutuwa. A cikin leda sukan tsiro, ko da yake sirara, amma da an kai su fako sai su tsaya cak, su yi rawaya, kafin zafi ya wuce sun zama tsinke.

Sai wani mai buga bulo ya nemi wurin. Maigari ya aiko aka kira ni, na je na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Barira, ba ƙinku nike ba, amma mutane na ta magana. Ku ƙara damana guda. In bazara ta hita ban ga icce tsaye da ganye ba, in ba mai bulo wurin."

Na ce, "Ranka shi daɗe, mun gode." Na fito ina tuna ciwon bayan da mata suka kwasa a wannan fako.

Dole in faɗi wani abu a kaina kafin mu hau hanya. Ni mace ce mai tsafta, kuma ina taƙama da ita. Uwata, Allah ya ji ƙanta, idan za ta yayyafa irin tattasai takan ƙone kara a kan ƙasar don ta kashe ƙwayar ciyawa da gara. Ni na ƙara a kan nata. Sai in tankaɗe ƙasa da rariya, in fitar da duk wata saiwa da tarkace, in zuba a rabin ganga in soya ta kamar gyaɗa, sannan in cika leda. Ciyawa ba ta fitowa a ledata, gara ba ta kusantarta. A bayan ɗakina nake yi, ko matan ƙungiya ban cika bari su gani ba, don a ganina sirrin sana'ata ne.

Habsu ce ta kawo maganar tafiya. Ita ce sakatariyarmu, ta yi lakwal, wato boko, har kolej, kuma ƙanwa take a wurina. A rediyo ta ji wani malamin gona na Mayahi yana ba da labarin wata tsohuwa Bafillata a arewacin Issawan, wadda itatuwanta ba sa mutuwa saboda wata ƙasa da take sa musu. Na ce ƙasa ai ƙasa ce. Habsu ta ce, "Yaya, to mi za mu rasa in mun tahi?" Da hanyar yashi tana miƙewa, da Issawan ba ta yi mana nisa ba, amma mota sai ta zagaya, ga shi kuma sai mun fara ganin malamin.

Muka tashi da sanyin safiya a farkon bazara, cikin motar ƴan kasuwa mai buɗaɗɗen baya. An loda buhunan wake, an ɗora raguna uku a kai, an ɗora mu a kan ragunan kusan. Na shimfiɗa tsohon zane kafin in zauna, wani tsoho mai kejin zabi ya dube ni ya ce, "Hajiya, jirgin Makka ya wuce, wagga ta Tasawa ta." Mota ta kwashe da dariya. Ba mu yi nisa ba muka kafe cikin yashi. Direba ya ce maza su sauka su tura, mata su zauna. Maza suka tura har suka gaji, mota ko gezau. Sai da mu ma muka sauka, tsohon nan ya ba ni riƙon zabinsa, sannan ta fita. Ɗaya daga cikin zabin ta yi mini abin da zabuwa ke yi a kan zanen fita.

A tashar Tasawa muka ci shinkafa da wake da mai da yaji, na fito da kofina daga jaka na sha ruwa. Habsu kuwa, tunda ta ga turakun lantarki Hausarta ta fara guduwa, Faransanci ya shigo. Mai shayi ta ce masa mersi, yaron mota ta ce masa dusuma. Na ce mata, "Ke Habsu, in kin gama, ki aje mani Hausar nan, da ita za ni tambayar hanya."

Tsakanin Tasawa da Mayahi akwai shinge inda jandarma ke duba takardu. Ba iyakar ƙasa ba ce, amma ga wadda ba ta taɓa wuce Tasawa ba, gabana sai da ya faɗi. Ya karɓi kardantena, wato katin shaida, ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton.

Ya ce, "Madam, wagga ɗiyarki ta?"

Na kira shi yadda muke kiran ma'aikata da Faransanci, na ce, "Ni ta, Mushe, kahin in hwara aikin hwako."

Ya yi murmushi ya miƙo mini ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Mun shiga Mayahi da la'asar ta gefen Gulbin Kaba, inda goriba ta yi yawa, mata na zaune a inuwa suna saƙar tabarma hannu na tafiya baki na tafiya. Muka sauka gidan gwaggon Habsu. Baiwar Allahn nan ba ta san kalmar na ƙoshi ba. Tuwon gero da miyar kuka, kafin mu wanke hannu ga dambun zogale, kafin mu nisa ga fura. Furarsu ta fi tamu yaji, kuma suna dama ta da ruwa-ruwa, amma ban faɗa ba. Ta tsaya a kanmu tana cewa, "Ku ci mana, ko ba daɗi?" har sai da na kwance ɗaurin zanena.

Da safe muka je biro, wato ofishin Malam Sani, malamin gonar. Siririn mutum ne mai saurin magana, rabi Hausa rabi Faransanci. Ya ce abin da ke cikin ƙasar tsohuwa sunansa mikoriz, kuma wata irin fumfuna ce.

Na ce, "Hunhuna, Mushe? Wadda ka ɓata tuwo da hatsi? Ita munka baro gida munka zo nema?"

Ya yi dariya ya ce, "Danginta na, amma halinsu ba ɗaya ba. Wagga cikin ƙasa take zama. Da iri ya tsaga ya hiddo saiwa, sai ta shige cikin saiwar, ta miƙa zarenta nesa, inda saiwar ba ta iya kaiwa. Ta jawo mishi ruwa da abinci, shi ko iccen shi ba ta zaƙin da ganye nai ya yi. Ƙasar da ta mutu kamar hwakonku, babu ita ciki. Sai an kai ta."

Ya sa ni na leƙa cikin madubin nan na likita. Ya ce guntuwar saiwar gero ce da aka rina. Na ga zare sirara sun ratsa ta ko'ina kamar saƙar gizo-gizo. Na ɗago ido na dubi saiwar, ban ga komai ba, na sake leƙawa, ga su nan. Ya ce abu ne mai rai, na ji da kunnena, amma maganar ta wuce ban riƙe ta ba.

Ya tambaye ni, "Ƙaƙa kike shirya ƙasar ledarki, Madam?"

Na ce, "Da tsabta, Mushe." Ban ƙara ko kalma ba, don ban ga dalilin da zan ba shi sirrina a banza ba.

Ya ce tirebiyan, ya buga wa ɗan tsohuwar waya, ya ce mu tafi ita za ta nuna mana da hannu, shi baki kawai gare shi.

Daga Mayahi zuwa Issawan ƙasa ta fara canzawa. Gonaki na raguwa, shanu na ƙaruwa, rijiyoyi kuwa sai an ɗaura wa sa igiya ya yi tafiya mai nisa kafin guga ta fito. A kasuwar Issawan Buba ya tarye mu, ɗan tsohuwar, magidanci mai ƙaramin gemu. Ya ɗora mu a amalankensa tare da buhun dusa, muka nausa arewa. Tun daga kasuwa har rugga bai yi mana maganar da ta wuce kalma biyar ba, amma shanunsa biyu da ke jan mu hira yake yi da su cikin Fillanci ba ƙaƙƙautawa.

Kafin mu ga bukkoki muka ga itatuwan. Ko'ina fari fat, ciyawa ta bushe, sai ga layin magarya da ɗakwara kore shar, wasu iya ƙugu, wasu sun fi ni tsawo. Habsu ta damƙe mini hannu. Ni dai kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba.

Inna Dije ƴar ƙaramar tsohuwa ce, busasshiya, mai ƙaramar murya. Ta yi mana maraba, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gida da yara da dabbobi ɗaya bayan ɗaya. Aka share mana bukka. A nan na ga bambanci da gidan gwaggo. Aka kawo ƙwaryar fura wadda nono ya fi gero yawa, da cuku, aka ajiye a bakin ƙofa, mai kawowa ta juya ta tafi. Ba mai tsayawa ya ce ku ci, wai don kada baƙo ya ji kunya. Na zauna ina jiran a dawo a matsa mini, ba wanda ya dawo, sai da Habsu ta ce in ban ci ba ita za ta shanye. Ruwa kuma ba a wasa da shi, na alwala ma a gindin itace ake yi.

Kafin magariba Inna Dije ta nuna mana wani tuli a ƙarƙashin rumfa, an rufe shi da tabarma.

Ta ce, "Rabonku na can, na aje maku. Gobe in an ƙare tatsa in nuna maku yadda a ka yi."

To, a garinmu baƙuwa mace ba ta zama ta naɗe hannu. In kin kwana gidan mutane, ki tashi ki kama tsintsiya ko taɓarya, in ba haka ba a ce ba a koya miki ba. Bayan sallar asuba mutanen gida suka tafi wurin shanu, Habsu ta bi su kallon tatsa. Na ɗaga tabarmar nan don in ga abin da muka zo dominsa. Na ga ƙasa baƙi-baƙi, cike da guntayen saiwoyi da tarkace. Na ce a raina, Allah sarki tsohuwa, ƙarfi ya ƙare, ba ta samu ta gyara ba. Ga rariya rataye, ga babbar tukunyar ƙarfe, ga murhu da sauran garwashi.

Na ɗaura ɗamara na kama aiki. Na tankaɗe, saiwoyin da suka rage a rariya na riƙa tura su cikin wuta don su ƙara mata ƙarfi. Na soya tukunya ta farko na juye, ta biyu, ta uku. Ina yi ina jin daɗi, ina cewa yau za su ga aikin matan Urafan. Saura kaɗan a gefen tabarma na ji tafiya a bayana.

Inna Dije ce da ƙwaryar madara a ka, Habsu na biye. Ta tsaya. Ta sauke ƙwaryar a hankali, ta zauna a ƙasa inda take.

Ta ce, "Ɗiyata, mi kike yi?"

Na ce, "Gyara maki nike, Inna. Duk saiwoyi na ciki."

Ta daɗe tana duban hayaƙin. Sannan ta ce, "Wata ukku ina ba ta ruwa daga rijiyar can da kunka wuce. Saiwoyin nan su na gidanta. Abu mai rai na, ɗiyata. Kin dahwa shi."

Ludayin ya faɗi daga hannuna. Maganar Malam Sani ta dawo mini a lokacin da ba ta da amfani. Kafin in buɗe baki tsohuwa ta sake tambayata, muryarta ba ta tashi ba.

"Haka kike yi ma taki ƙasar a gida?"

Na ce, "Shekara biyu."

Habsu ta ce, "Yaya," ta rufe baki da hannu.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na zauna na yi kuka kamar ƙaramar yarinya, kuma ba tulin tsohuwa kaɗai nake wa kuka ba. Matan ƙungiya nake gani da tuluna a ka suna hawa fako, suna shayar da itacen da na riga na kashe masa mataimaki tun yana cikin leda. Mun zargi fako, mun zargi awaki, wasu har sun zargi baki. Ashe rabin gangata ce a bayan ɗaki.

Inna Dije ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta miƙo mini madara ta ce in sha. Ta ce ita ma shekarar farko ta ɓata nata, don ta cuɗa irin da jan maganin nan da ake sa wa hatsi kafin shuka, ba ta san maganin fumfuna ba ne, bai kuma san ta kirki da ta banza ba. Ta ce, "Tashi. Tunda kina da ƙarhi haka, akwai aiki."

Kwana biyu muka ƙara a ruggar. Ta kai mu daji inda fartanya ba ta taɓa sauka ba, gindin tsofaffin sabara da gawo. Ta nuna mini in share ganye, in haƙa zurfin tafin hannu, in ɗebi ƙasa tare da ƙananan saiwoyin nan masu kama da gashi, kaɗan daga kowane gindi, in mayar da rami. Muka kawo muka zuba a ramin da ta shimfiɗa wa tsofaffin buhuna, muka shuka gero da wake a cunkushe. Ta ce ba don a ci ake shuka su ba, don fumfunar ta samu saiwar da za ta hayayyafa a ciki. Bayan wata uku a yanke kan, a hana ruwa kwana goma, sannan a tone a daddatsa saiwar ƙanana a cuɗa da ƙasar, a ajiye a inuwa. Ranar shuka a sa ɗan tsunkule a ramin leda, a ɗora iri a kai, don saiwar farko da ta fito ta same ta tana jira. Ni na ja ruwan ramin nan duka kwana biyun, ban yarda kowa ya taya ni ba.

Ranar tafiya ta tattara abin da ya tsira daga wutata, ya yi tiya biyu, ta ƙulle a buhu ta miƙo mini. Na ce ba zan karɓa ba, ban cancanta ba.

Ta ce, "Ba ke ni ba ita ba, iccen ni ba. Kar ki bari rana ta buge ta."

A tashar Mayahi direba ya ce a ɗora buhun a saman mota. Na ce sai dai a ɗora ni. Na rungume shi a cinya, na lulluɓe shi da mayafina, mutane na ta tambaya ko jinjiri ne. Da muka iso shinge, jandarman nan dai muka tarar.

Ya ce, "Madam mai hoto! Mi na cikin buhu?"

Na ce, "Ƙasa ta, daga Issawan."

Ya ce, "Ta zinariya?" Ya sa hannu ya ɗebo, ya murza, ya shinshina. "To, rairayi ya ƙare Urafan na, sai kin tahi Issawan?"

Na ce ya matso inuwa tukun, sannan na kwashe bayanin mikoriz na zuba masa, zare da saiwa da zaƙin ganye, ban rage komai ba. Direba na ta danna oda. Habsu ta ce ko Malam Sani bai kai ni ba. Jandarma ya kakkaɓe hannunsa cikin buhun don kada ya rage mini, ya ce mu wuce.

Abu mafi wuya a tafiyar duka a gida na same shi. Na tara mata a pepinyar, na gaya musu abin da na shekara biyu ina yi. Sai Tsahara, wadda ta fi kowa jan ruwa, ta ce, "Ashe bayana da ya ƙage, ke kika soya shi." Gaskiya ta faɗa. Wata ta fashe da dariya, wata ta kama, har ita Tsaharar ta dara. Sannan ta ce a kawo leda.

Muka ɗebo ƙasar gindin gawo yadda take, ba tankaɗe ba wuta. Na fasa ƙwallon magarya, na jiƙa irin ɗakwara da na gawo. Kowace leda tsunkule ɗaya da yatsa uku, ni da kaina nake sawa, Habsu na bina da iri. Amma taurin kaina bai mutu duka ba. Na ware leda goma na cika da soyayyiyar ƙasa, na ce sai na gani da idona.

Na kuwa gani. Masu tsunkulen suka fito kusan tare, suka miƙe, ganyensu ya yi duhu. Goman nan suka fito suna langaɓe-langaɓe irin na da. Bayan wata biyu na tsaga leda ɗaya daga kowane ɓangare a gaban mata. Ta soyayyiyar ƙasa ta zube, ta bar ƴar saiwa guda kamar zaren ɗinki. Ɗayar kuwa saiwa ta cika ta, ta damƙe ƙasar tam, na girgiza ta ƙi zuba. Ran nan na ba maƙwabciyata rabin gangar ta riƙa ba tumaki ruwa.

Da damina ta zauna muka dasa a ramukan rabin wata, muka kewaye da ƙaya saboda awaki. Muka haƙa namu ramin na gero da wake don baɗi. Kaka ta wuce, sanyi ya wuce, bazara ta shigo da zafin da ke sa tsuntsu faɗowa. Kullum da safe sai na je fako kafin in sa komai a bakina. Wasu sun mutu, ba zan yi ƙarya ba, musamman na gefen tudu. Wasu suka zubar da ganye har na fid da rai, in na kankare bawon da farce sai in ga kore a ciki. Watan nan ko abinci ba na jin ɗanɗanonsa.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas Maigari ya aiko cewa gobe zai zo. Ya zo da hantsi da dattawa huɗu, mai bulo na biye da su. Mu kuma mata muka tsaya gefe ɗaya. Ya shiga fako yana dogara sanda, rami bayan rami. Ya tsaya a kan wata magarya da ta kai masa gwiwa, ta fitar da sabon toho. Ya ba wani sandarsa, ya sunkuya ya kama gindinta ya ja. Ba ta motsa ba. Ya gyara tsayuwa ya sa hannu biyu ya sake ja, ƙaya ta soke shi, ya saki yana yarfa hannu.

Ya ce, "Wagga ta zauna." Ya juya ga mai bulo. "Malam, ka gani da idonka. In nema maka wani wuri."

Tsahara ta rangaɗa guɗa tun bai rufe baki ba, sauran suka ɗauka. Farin cikin da na ji a wurin ban taɓa jin irinsa ba, sai ranar da na haifi ɗana na fari.

Maigari ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce ba aro ba ne kuma, ya ba ƙungiya wurin, dattawan nan shaida ne, kuma yanzu za a zagaya a kafa iyaka da rassan aguwa don kada wani ya zo gobe da magana. Suka tsaya suna duban juna, ba wanda ya san inda ramukanmu suka fara da inda suka ƙare.

Ya ce, "Barira, ke kin san wurin. Shiga gaba."

Shekarata arba'in da ƴan kai a garin nan, ban taɓa tafiya a gaban dattawa ba. Na gyara mayafi na shiga gaba. Inda duk na nuna da yatsa, nan Maigari ke caka sanda, nan ake kafawa. Muka zagaye fakon kaf, ban yi sauri ba ko kaɗan.

Labarin tafiyarmu ke nan, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba, ni kam na sauke.